Littafin Nana da inuwar bango: inda aikin ya kai

4 ga Fabrairu

Tohm, an fara. Littafin yara ne, 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu, irin labarin da yaro zai bi ta wata ƙofa ya tsinci kansa a wata duniya daban, sai dai nawa ina so ya yi duhu sosai, ba irin na furanni da tsuntsaye masu waƙa ba. Burina kalmomi dubu talatin da biyar zuwa arba'in, babi gajeru gajeru waɗanda za a iya karanta ɗaya kafin barci.

Abin da ke hannuna yanzu: yarinya sunanta Nana, shekararta goma sha ɗaya, da ƙaninta Sadi ɗan shekara shida. Wata safiya ta tashi ta ga babu shimfiɗar Sadi, babu takalminsa a bakin ƙofa, ta tambayi mamansu ina Sadi, maman ta ce wane Sadi. Ba wai ɓata ya yi ake nemansa ba, a'a, kowa ya manta an taɓa haihuwarsa, ita kaɗai ta rage da shi a kanta. Wannan ne babi na ɗaya kuma shi kaɗai na tabbata da shi, sauran duk lalube ne. Ƙofar kuma wata tsohuwar busasshiyar rijiya ce a bayan gida.

8 ga Fabrairu

Babi na ɗaya da na biyu sun fito, kalmomi dubu uku da wani abu. Nana ta fi yadda na zata tsiwa, na bar ta a haka.

11 ga Fabrairu

Rijiya ta fita daga labarin. Na ba Yaya labarin a waya ina ta zumuɗi, ta yi shiru har na kai aya sannan ta ce "ke yanzu littafin da za ki miƙa wa yara shi ne wanda zai gaya musu in suka leƙa rijiya akwai wata duniya a ƙasa?" Babu abin cewa. Yaro ɗan shekara takwas in littafi ya yi masa daɗi washegari gwadawa zai je yi, kuma wannan ɗin shi ne ma alamar littafin ya kama shi, to ka ga matsala. Sai na zauna na jera duk ƙofofin da suka zo min a kai ina sokewa, tsohon firji a'a, but ɗin mota a'a, akwati mai makulli a'a, tafki a'a, duk wani abin da yaro zai shiga ya rufu a kansa ko ya nutse.

Ashe ba ni na fara shiga wannan damuwar ba. A littafin C.S. Lewis na 1950, The Lion, the Witch and the Wardrobe, wanda yara ke bi ta cikin durowar kaya, mai ba da labarin sai da ya yi ta nanatawa cewa wauta ce mutum ya rufe kansa a cikin durowa, yarinyar ma ba ta ja ƙofar ta rufu ba. Ni dai gargaɗi nake ganinsa da aka cusa a cikin labari da dabara. Amma bana son in riƙa tsayar da nawa labarin ina jan kunne, gara in nemo ƙofar da ko an kwaikwaye ta babu abin da zai samu kowa.

15 ga Fabrairu

Na samu, inuwa ce. Akwai wani tsohon bango a bayan gidansu Nana, da yamma inuwar komai gabas take faɗuwa, tashi shi kaɗai sai ta faɗi yamma, wajen rana. Wanda ba ya lura kullum zai wuce ta. In ka tsaya a cikinta har taka inuwar ta ɓace a cikin tata, ka ɗaga ƙafa, inda za ka sauke ta ba nan ba ne. Yaro ya je ya wuni yana tsaye a inuwar bango, iyakaci ya gaji ya dawo.

Abu na biyu da na yanke yau, kuma ina jin shi ne ƙashin bayan littafin gaba ɗaya: ƙofar ba kyauta ba ce. In yarinya za ta iya shiga ta fito yadda ta ga dama to yawon shaƙatawa ta je, duk lokacin da abu ya yi zafi mai karatu zai ce to ki koma gida mana. Saboda haka duk ƙetarewa ɗaya, mutum ɗaya ne zai manta da kai. Daga nesa ake farawa, mutumin da kuke gaisawa a hanya, sai malamar ajinku, sai ƙawarki, sai baba, uwa ce ta ƙarshe. Shi Sadi wasa ya ɗauki abin, yana shiga yana fita bai san ana cire masa mutane ɗaya bayan ɗaya ba har suka ƙare. Kun ga babi na ɗaya ya samu dalili ke nan.

Wani abin daɗi kuma, wannan dokar ta ɗauke min ciwon kan da duk mai rubuta labarin kasadar yara yake fama da shi, wato ina iyayen suke, me ya sa ba a fita nemanta ba. Wasu marayu suke mayar da yaran, wasu su tura su hutu can nesa, wasu su ce lokaci ba ya tafiya a gida in kana can. Ni bana buƙatar ko ɗaya, lokaci daidai yake tafiya a duka ɓangarorin biyu, kwana can kwana nan, ba a nemanta ne saboda masu neman suna raguwa.

20 ga Fabrairu

Na uku da na huɗu. Na gyara duk inda rijiya ta rage. Na sa wa duniyar can suna, Bayan Inuwa.

24 ga Fabrairu

Babi na biyar ya zama lakca. Nana ta faɗa Bayan Inuwa ta haɗu da wani tsoho, shi kuma ya zaunar da ita ya kwashe shafi shida yana bayanin yadda garin yake, waye sarki, me ya faru shekaru ɗari da suka wuce, me ya sa mutane ba su da inuwa. Da na karanta shi da ƙarfi ni kaina hamma nake tun a shafi na biyu.

Wannan cutar irin labarin ce, ba tawa ce ni kaɗai ba. Wata mai nazarin adabi, Farah Mendlesohn, a littafinta Rhetorics of Fantasy na 2008 ta kasa labaran al'ajabi gida huɗu, ɗaya daga ciki shi ne na bi ta ƙofa da tafiyar neman wani abu, kuma abin da ta lura shi ne a irinsa jarumin baƙo ne bai san komai ba, don haka duk abin da jagora ya faɗa masa haka ake haɗiye shi ba musu. Wlh haka tsohona yake, yana magana Nana tana gyaɗa kai, yarinyar da a babi na ɗaya ko mamanta ba ta bari ta gama magana.

Na tsaga tsohon gida biyu. Yanzu wata tsohuwa ce da wani yaro ɗan tsararta, kuma ba sa jituwa, abin da ɗaya ya faɗa ɗaya zai ƙaryata, dole Nana ta zaɓi wa za ta yarda da shi kuma wani lokacin ta zaɓa ba daidai ba. Tarihin shekaru ɗari na zubar da shi gaba ɗaya. Dokar inuwa kuma babu mai faɗa mata, gani za ta yi: ta haɗu da wata ƙaramar yarinya zaune a bakin hanya, inuwarta ta ƙanƙance ta koma kamar tafin hannu, Nana ta tambaye ta sunanta, yarinyar ta buɗe baki ta tsaya, ta yi ta motsa leɓe tana nema, sannan ta yi murmushi ta ce "ɗazu ina da shi." Shikenan, shafi shida ya dawo layi takwas, kuma mai karatu ya gane da kansa cewa ta Sadi ma tana raguwa kuma lokaci yana ƙurewa.

27 ga Fabrairu

Na shida. Yau ba daɗi, jan ƙafa kawai.

2 ga Maris

Karatun gwaji na farko, yaran Yaya biyu, babbar shekararta goma, ƙaramin takwas. Na buga babi shida ɗin a takarda don kar hasken waya ya ɗauke musu hankali. Na riƙe biro ina sa alama duk inda wani ya fara wasa da yatsun ƙafa.

Babi na ɗaya tsit, ko motsi babu. Na biyu lafiya. Na uku ƙaramin ya kwanta a ƙasa yana kallon sama ya ce "Anti wai yaushe za ta shiga ne?" A yadda na tsara sai ƙarshen babi na huɗu take taka inuwar, saboda ina so a san gidansu, a san makaranta, a ji zafin rashin Sadi. To yaro dai bai zo don wannan ba. Babi na uku da rabin na huɗu za su tafi, ta shiga a ƙarshen na biyu, abubuwan gida kuma in watsa su can gaba lokacin da take dawowa tana tarar da an ƙara mantawa da ita, a nan ma za su fi ciwo. Kalmomi wajen dubu biyu da ɗari biyar ke nan a kwandon shara.

Sai babi na shida, wanda na fi wahala a kansa, dodon rami mai haƙora layi uku da jini yana zuba a baki, na zata sai na riƙa tsayawa ina lallashi. Dariya suka yi. Ƙaramin har da tashi yana kwaikwayon tafiyarsa, yana tambaya ko dodon yana goge baki. Na ɗan ji haushi gaskiya amma na rubuta a gefen takarda: haƙora ba sa aiki.

Babbar ce ta kashe ni da tambaya a ƙarshe. "Anti, to ita Nana me ya sa ba ta manta da shi ba, ai kin ce kowa." Na ce za ki gani a gaba. Ni ma a gaban zan gani.

5 ga Maris

Amsar tambayar: ranar ƙarshe da Sadi ya shiga, Nana ta kamo hannunsa za ta ja shi gida, inuwarsu ta hau kan juna, ya fizge ya shige, wani ɗan yanki na tashi ya maƙale a jikin tata. Tun babi na ɗaya za a ga inuwarta tana da ɗan ƙarin hannu ƙarami a gefe wanda ba ya bin motsinta, ita ma tsoronsa take ji ba ta san na waye ba. Muddin yana nan ba za ta manta ba, kuma shi ne zai riƙa nuna mata hanya a can. Giɓin da 'yar Yaya ta gano a labarin ya zama abin da na fi so a littafin.

Dodon ban cire shi ba, na mayar da shi abin dariya da gangan, wajen da mai karatu zai huta.

9 ga Maris

Yau akwai magana.

Na karanta musu har babi na tara. A na tara Nana ta dawo gida cikin dare da ciwo a ƙafa, ta yi kuskuren lissafi, ta zata saura mutum biyu ashe ɗaya ne. Ta ƙwanƙwasa, maman ta buɗe, ta dube ta da fara'a irin wadda ake yi wa yaron maƙwabta ta ce "yarinya, 'yar gidan wa ce ke? Dare ya yi fa, za a neme ki." Babu jini, babu ihu, babu dodo, maman ma kirki ta yi mata. A nan babin ya ƙare kuma a nan na rufe takardun na ce sai wani satin.

Babu wanda ya yi magana. Ƙaramin ya tashi ya je ya zauna a jikin uwarsa.

Da safe Yaya ta kira. Ta ce cikin dare ya taso ta yana tambayarta "Mama waye ni", sai da ta faɗi sunansa da na babansa da ranar da aka haife shi sannan ya koma. Ta ce "ki cire wannan wajen, littafin yara ne ba na manya ba." Na ce Yaya in na cire shi babu littafi, tun shafin farko nan ake tahowa, duk tsoron da ke cikin ƙofar wannan ne. Ta ce to ke kika sani amma nata yaran ba za su ƙara ji ba. Muka ajiye waya ba daɗi.

Na wuni ina juya maganar. Ba ta yi ƙarya ba, wajen yana da nauyi, kuma mutane sun daɗe da sanin cewa uwa ta juya wa ɗanta baya ya fi kowane dodo. 'Yan uwan nan biyu na Jamus, Grimm, a bugun farko na tatsuniyoyinsu a 1812, uwar da ta haifi Hansel da Gretel ce ta matsa a kai su daji a yar, sai a bugun 1840 aka mayar da ita matar uba. Su sun zaɓi su sassauta. Amma tawa uwar ba mugunta ta yi ba, an ɗauke mata abu ne ita ma, kuma bana jin yaro ɗan shekara takwas bai taɓa wannan tunanin ba shi kaɗai a cikin duhu. Bambancin kawai a littafi akwai wadda ta shiga abin a gabansa kuma yana iya ganin me ta yi.

To me ta yi? A rubutuna babu abin da ta yi, babin ya ƙare tana tsaye a bakin ƙofa, ni kuma na tura yaro ya kwanta a kan haka, sati guda kafin ya ji ci gaba. Ina ganin matsalar a nan take, a inda aka yanke, ba a abin da ya faru ba.

12 ga Maris

Na sake gina na tara. Maganar maman tana nan yadda take ko harafi ban taɓa ba, amma yanzu a tsakiyar babin take. Bayanta Nana ta yi kuka a bayan gida, kuka na gaske ba layi ɗaya ba, sannan ta lura maman ta fito da tsumma da ruwa ta ɗaure mata ƙafar, kuma irin ƙullin da take yi mata tun tana ƙarama ta yi, ƙulli biyu da ɗan kunne a sama, hannun ya tuna abin da kan ya manta. Daga nan Nana ta gane abin da aka ɗauka ba a hallaka shi ba, ajiye shi aka yi a wani waje, kuma abin da aka ajiye ana iya karɓo shi. Babin ya ƙare tana tafiya wajen bangon da niyyar nemo wanda ke ajiyewa.

Na kafa wa kaina doka daga yau: babi zai iya ƙarewa cikin haɗari, ana kora, ana faɗuwa, ƙofa tana rufuwa, duk ya halatta, amma ba zai ƙare yarinyar tana tsaye babu abin yi ba. Na koma baya na duba sauran, na bakwai ma yana da wannan ciwon, na gyara.

Na tura wa Yaya sabon ta karanta ita kaɗai tukuna. Amsarta: "ƙullin ya sa ni hawaye. Ki zo amma da rana."

19 ga Maris

Ban rubuta komai ba, mura da aiki. Kalmomi suna nan a dubu goma sha tara.

23 ga Maris

Na goma da na goma sha ɗaya. Tafiya ce a Bayan Inuwa, kasuwar da ake aron inuwa a mayar da yamma, gadar da ba ta ɗaukar mai inuwa biyu. Sun fito da sauri, ina zargin saurin ma.

28 ga Maris

Mugun labarin ya iso, Mai Kundi. Bayan abin da ya faru da dodo ban ba shi haƙori ko ɗaya ba. Mutum ne mai tsafta, yana zaune a bayan tebur da babban kundi a gabansa, yana ganin Nana ya miƙe ya ba ta kujera, "sannu da hanya ɗiyata" yake ce mata, ba ya ɗaga murya kuma ba ya ƙarya ko sau ɗaya. Duk abin da ta zarge shi da shi zai ce haka ne, ya buɗe shafi ya nuna mata, ga ranar, ga wanda aka cire, ga sawun ƙafarta a gefe don ita ta taka da kanta. A ganinsa shi ba azzalumi ba ne, ma'aji ne kawai.

Wahalar rubuta irin wannan mutumin ita ce yadda yarinya 'yar shekara sha ɗaya za ta ci galaba a kansa ba tare da wani babba ya zo ya cece ta ba, kuma ba tare da takobin sihiri ya faɗo daga sama a shafi na ƙarshe ba. Dole da abin da mai karatu ya riga ya sani za ta yi. Abin da nake gwadawa: tunda ba ya ƙarya kuma kundinsa shi ne mutuncinsa, kundin akwai kuskure a ciki, an rubuta an cire Sadi daga kowa alhali yankin inuwarsa yana jikin Nana, lissafin bai cika ba. Ta nuna masa a gaban fitila, ƙaramin hannun yana motsi a bango. Mutumin da bai taɓa kuskure ba dole ya soke shafin gaba ɗaya ko ya yarda kundinsa ƙarya ne. Ina son yara su riga Nana ganowa da shafi ɗaya ko biyu, su riƙa yi mata ihu. Babu daɗin da ya kai wannan a karatun yara.

2 ga Afrilu

Gwaji da rana kamar yadda aka sharɗanta. Babbar ta gano maganar hannun kafin Nana, ta miƙe tsaye tana cewa "inuwar, inuwar!" Ƙaramin bai gano ba amma ya ce Mai Kundi ya fi dodon ban tsoro "saboda yana da kirki." Kasuwar inuwa ta yi tsawo kamar yadda na zarga, an koma wasa da yatsun ƙafa, zan rage kashi ɗaya cikin uku.

8 ga Afrilu

Ƙarshen labari. Kwana da kwanaki a nan nake.

Wanda ba zan yi ba tun farko na sani: ta farka ta ga mafarki ne. Lewis Carroll ya yi haka da Alice a 1865 kuma ya zauna masa, don nasa labarin tun daga ramin zomo tafiyar mafarki yake yi. A nawa cin amana ne, na sa yaro ya kasa barci sannan in ce masa wasa nake.

Na biyu, komai ya dawo yadda yake, kowa ya tuna, a rungume juna. Na rubuta shi, yana da daɗi, amma ƙofar da na ce ba kyauta ba ce sai ga shi an mayar da kuɗin kowa cas. Mai Kundi shafin Sadi ya soke saboda akwai kuskure a ciki, na Nana babu kuskure, da idonta a buɗe ta taka. In na bar ta ta fita ba ta rasa komai ba to duk ƙirgen da yara suka riƙa yi da yatsu tun babi na uku banza ne.

Na uku shi na tsaya a kai. Ta yi ciniki, ta ba da ɗan yankin inuwar ƙanin da ke jikinta a mayar masa, a madadinsa ta karɓo mutanenta, amma abin da ke hannunta bai kai ta fanshi duka ba, saura mutum ɗaya kuma ita za ta zaɓa. Ta bar ƙawarta ta tun ajin farko. Babin ƙarshe a makaranta ne, ƙawar tana zaune ba ta san ta ba, Nana ta je ta tsaya a gabanta ta faɗi sunanta, ta tambaye ta ko akwai mutum a kujerar nan.

11 ga Afrilu

Na karanta musu. An rabu gida biyu. Babbar ta ce bai dace ba, ta yi fushi na gaske har ta ƙi kallona, bayan an jima kuma ta dawo tana tambaya ko za su sake zama ƙawaye, na ce me kike gani, ta ce za su zama amma ba irin na da ba. Ƙaramin damuwarsa ɗaya, dodon rami ina ya ƙare. Na manta da shi kwata-kwata, zan ba shi layi biyu a na sha huɗu. Yaya ta ce da malamar aji aka bari da ya fi sauƙi. Ai sauƙin ne bana so, malamar aji ba ta yi wa kowa ciwo.

Yana nan yadda yake.

16 ga Afrilu

Daftarin farko ya kammala, babi goma sha shida, kalmomi dubu talatin da ɗaya da ɗoriya. Ya gaza burin da na sa amma ba zan cusa komai don cike lamba ba.

Abin da aikin ya ci zuwa yanzu takarda ce da tawadar firinta, sai barci. Babban kashin yana gaba, zane. Na yi magana da wata mai zane, abin da ta nema na hoto a kowane babi ya fi ƙarfin abin da na ware, mun tsaya a bangon littafi da hotuna shida baƙi da fari, wanda ma ya fi dacewa da labarin inuwa. Na roƙe ta abu biyu, kar ta zana fuskar Mai Kundi, hannunsa da kundin kawai, kuma kar ta zana wajen bakin ƙofa da maman. Samfurin farko da ta turo ta sa inuwar bangon tana faɗuwa daidai kamar ta kowa, na mayar mata da bayani.

Zan ajiye daftarin sati biyu ban taɓa ba. Bayan nan gyara na biyu: rage kasuwa, duba ƙirgen mutanen da aka cire babi bayan babi don akwai inda nake zargin malamar ta manta sau biyu, da karanta duka da ƙarfi don kamo jimlolin da suka yi wa ɗan shekara takwas tsawo. Sannan ina buƙatar yaran da ba su san ni ba, waɗannan biyun yanzu sun san labarin fiye da ni kuma sun fara jin kunyar ce min wani waje ba daɗi.